Muryar da ke tsawa a ɗakin matuƙa: tarihin ƙararrawar jirgin sama, daga Jidda zuwa Gossi



Kowace shekara idan aikin Hajji ya ƙarato, maniyyatanmu kan kama hanyar Doso su nufi Yamai, su hau jirgi a filin Diori Hamani. Na ɓangaren Najeriya kuma su tashi daga Sakkwato ko Birnin Kebbi. Fasinja dai abin da ya sani shi ne kujerarsa da bel ɗin da zai ɗaura. Amma can gaba, bayan ƙofar nan da ake kullewa, inda matuƙa biyu suke zaune, akwai fitilu da ƙararrawa da wata muryar na'ura mai yi wa matuƙi tsawa idan ya doshi halaka. Yau a kansu za mu tattauna, yadda suke aiki da yadda aka yi aka samo su. Za ku ga cewa yawancinsu sai da aka yi asarar rayuka kafin a saka su, kuma cikin rayukan nan akwai na mutanen yankinmu.

YADDA JIRGI KE SANIN HALIN DA YAKE CIKI

A jikin jirgi ta waje, kusa da hanci, akwai ƴan ƙananan bututu masu fuskantar gaba. Iskar da ke shiga cikinsu ita ke nuna gudun jirgin. Kusa da su akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa kamar tuta, aikinsa auna yadda iska ke bugun fiffike. A ƙarƙashin jirgin akwai na'urar da ke aika saƙon rediyo ƙasa ya dawo, ta haka take sanin tazarar da ta rage tsakanin jirgi da ƙasa, daga kamar mita 760 zuwa ƙasa. A cikin injina akwai ma'aunin zafi, a ɗakin kaya da banɗaki akwai masu jin hayaƙi. Duk waɗannan suna kai rahoto ga kwamfuta, ita kuma ta zaɓi abin da za ta faɗa wa matuƙa.

Gargaɗin hawa-hawa ne. Jan launi na nufin a ɗauki mataki yanzu-yanzu, kamar gobara a inji. Ruwan goro na nufin a lura, akwai matsala amma da sauran lokaci. Idan komai lafiya, fitilun a kashe suke, don duk wadda ta kama ido ya kai kanta nan take. Tun farkon shekarun 1980, da zuwan jirage irin Boeing 767 da Airbus A310, aka fara tattara saƙonnin a kan allo, mafi haɗari a sama. Kuma idan ƙararrawa biyu suka zo tare, babbar tana danne ƙaramar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a labarin Abijan.

Babban abin da matuƙi ke tsoro shi ne iska ta ƙwace wa fiffike. Fiffike na ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan aka ɗaga hancin jirgi fiye da kima, ko gudu ya ragu ƙwarai, sai iskar ta hargitse, fiffiken ya daina ɗauka, jirgi ya fara faɗowa ko da injina na aiki. Kafin a kai nan, wata ƴar na'ura takan girgiza sitiyarin da ke hannun matuƙi da ƙarfi, yadda ko hankalinsa na wani wuri sai ya ji a jikinsa. Maganin kuwa shi ne a sunkuyar da hanci a ƙara wuta.

MURYAR DA KE CEWA A JA SAMA

Ranar 29 ga Disamba 1972, wani jirgin kamfanin Eastern ya doshi sauka a Miyami ta Amurka, sai ƴar fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta ƙi kamawa. Matuƙan duka suka duƙufa a kanta. Ashe kwan fitilar ne kawai ya mutu. Suna wannan fama jirgin na ta yin ƙasa a hankali cikin duhu. Wata ƴar ƙararrawa ta buga sau ɗaya, ba wanda ya ji, har jirgin ya faɗa cikin fadama, mutum 101 suka rasu. Bayan shekara biyu, ranar 1 ga Disamba 1974, jirgin TWA mai lafiya ƙalau ya daki dutse cikin hazo kusa da Washinton, mutum 92 suka tafi.

Wannan ne ya sa hukumar jiragen Amurka ta wajabta wa manyan jirage na'urar da ake kira GPWS daga ƙarshen 1975. Injiniyan da aka fi dangantawa da ita shi ne Don Bateman, haifaffen Kanada. Idan ta ga ƙasa na matsowa da sauri, ko jirgi ya yi ƙasa alhali tayoyi ba su fito ba, sai ta yi magana da Turanci, ma'anar maganar: ƙasa, ƙasa, ja sama. Sai dai ta farkon tana da rauni, abin da ke ƙarƙashinta kawai take gani. Ranar 20 ga Disamba 1995, kusa da Kali ta Kolombiya, ta yi tsawa saura daƙiƙa goma sha kaɗan jirgi ya daki dutse, lokacin bai isa ba. Daga 1996 aka fito da sabuwa mai ɗauke da taswirar duwatsun duniya a cikinta, tana haɗa ta da GPS, tana hango gaba har kusan minti ɗaya.

JIDDA, 1991: WUTAR DA BA TA DA ƘARARRAWA

Dattawan Sakkwato da Kebbi ba su manta da 11 ga Yuli 1991 ba. Jirgi ne ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, Nigeria Airways ta yi hayarsa don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Alhazai 247 ne a ciki da ma'aikata 14.

Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin tashi. An nemi iskar naitirojin da ake sa wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba, wanda ke kula da aikin jigilar kuma bai yarda a yi jinkiri ba. Jirgin na gudu a kan titi tayoyi biyu na hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gugar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara, amma babu fitila ko ƙararrawar da ta ce musu akwai wuta, domin ramin da tayoyin jirgin ke shiga ba shi da ma'aunin zafi ko na gobara. Da suka tashi sai suka naɗe tayoyin kamar kullum. Kun ga ke nan, wutar da ke waje an shigo da ita cikin jirgi, daidai inda bututun mai na birki da wayoyin lantarki suke.

Daga nan gargaɗi suka fara zuwa, amma na ɓarnar da wutar ta riga ta yi ne: iskar ɗakin fasinja ta ƙi daidaita, mai mai motsa sassan tuƙi ya tsiyaye. Suka juyo za su koma Jidda, wuta ta cinye daɓen da ke ƙarƙashin kujeru, jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin sauka. Duka mutum 261 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A yau manyan jirage da yawa suna nuna wa matuƙi iskar kowace taya da zafin kowane birki a kan allo, wasu kuma suna da ƙararrawar gobara a ramin tayoyin.

IDAN JIRAGE BIYU SUKA DOSHI JUNA

Tun 1956, da jirage biyu suka yi karo a sararin Grand Canyon mutum 128 suka mutu, ake neman hanyar da jirgi zai ga ɗan uwansa da kansa. Sai bayan wani karon a 1986 kusa da Los Anjelis majalisar Amurka ta yi doka, aka wajabta na'urar TCAS. Ita wannan kusan kowace daƙiƙa tana tambayar jiragen da ke kewaye inda suke da tsayin da suke kai. Idan ta ga saura kamar daƙiƙa 40 a haɗu, sai ta ce a lura. Idan saura kamar 25, sai ta ba da umarni. Na'urorin jiragen biyu suna daidaitawa tsakaninsu, ɗaya ta ce wa matuƙinta ya hau, ɗayar ta ce wa nata ya sauka. Hawa da sauka kawai take umarta, ba ta cewa a karkata dama ko hagu.

Ranar 7 ga Nuwamba 1996, jirgin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Mai ba jirage hanya ya yi kuskuren raba shi da wani jirgin da ke tasowa daga Legas. Na'urar ta yi gargaɗi, matuƙin ya karkatar da jirgin da ƙarfi don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa a Ejirin. Mutum 144 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Bayan kwana biyar, jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo kusa da Delhi ta Indiya, rayuka 349.

Akwai wanda ya ratsa ta ƙasarmu. Ranar 13 ga Satumba 1997, jirgin sojan Jamus da ya yada zango a Yamai ya sha mai ya ci gaba zuwa kudu, ya yi karo da jirgin sojan Amurka a gaɓar tekun Namibiya. Mutum 33 suka mutu, kuma babu ɗayansu da ke da TCAS. Sai kuma 1 ga Yuli 2002 a sararin Jamus: na'ura ta ce wa matuƙan wani jirgin Rasha su hau, mai ba da hanya ya ce su sauka, suka bi maganar mutum, alhali ɗaya jirgin ma sauka yake kamar yadda tasa na'urar ta umarta. Mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara ƴan makaranta. Tun daga nan ƙa'idar duniya ta fito sarari, idan TCAS ta ba da umarni ita ake bi, sannan a sanar da hasumiya.

ABIJAN, 2000: ƘARARRAWAR DA TA YI ƘARYA

Hazon hunturu da muka sani shi ne mafarin wannan labarin. Ranar 30 ga Janairu 2000, jirgin Kenya Airways ƙirar Airbus A310 ya taso daga Nairobi, ya kasa sauka Legas saboda hazo, sai ya wuce Abijan da niyyar ya biyo ta Legas a dawowa. Shi ya sa ƴan Najeriya suka fi kowa yawa a ciki. Da dare ya tashi daga Abijan, ya fuskanci teku, baƙi ƙirin, ba fitila ko ɗaya a gaba.

Tayoyi na barin ƙasa ƙararrawar ƙwacewar iska ta kama. Matuƙin ya yi abin da ya saba ji, ya sunkuyar da hanci. To amma jirgin lafiyarsa lau, gudunsa daidai, gargaɗin na ƙarya ne. Jirgi ya riƙa gangarowa wajen ruwa ba su ankara ba. Muryar da ya kamata ta ce a ja sama kuwa, ƙararrawar da ke gaba da ita a matsayi ta danne ta. Ko minti ɗaya ba a yi ba jirgin ya daki teku. Cikin mutum 179, goma ne suka tsira. Masu bincike sun nuna cewa da an dubi ma'aunin gudu da na tsayi, da sun ƙaryata ƙararrawar. Shi ya sa ake horar da matuƙa su gwada abin da kunne ya ji da abin da allo ke nunawa, ɗaya na tuƙi ɗaya na sa ido.

KWATANO, 2003: LODIN DA NA'URA BA TA GANI

Wannan kam a ƙofar gidanmu ya faru, don Kwatano kasuwarmu ce. Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba 2003, wani Boeing 727 na kamfanin UTA na ƙasar Gini, mai zuwa Bairut, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata. Ya daki wani gini a ƙarshen titi ya tarwatse a bakin teku. Mutum 141 suka rasu, akasarinsu ƴan Lebanon mazauna Afirka ta Yamma.

Jirage suna da ƙaho mai kuka idan matuƙi ya ba da wutar tashi alhali bai shirya fiffike ba, ko saitin wutsiya ya fita daga iyakar da aka yarda. Amma ƙahon bai san nauyin kayan da aka zuba ba. Wannan lissafi mutane ne ke yin sa a takarda su miƙa wa matuƙi. A Kwatano an yi wa jirgin lodin da ya wuce ƙa'ida da tan-tan, an cika ɗakin kaya na gaba, matuƙan kuma suka saita wutsiya bisa lissafin da ba shi ne na gaskiya ba. Da suka ja sitiyari, hancin ya yi nauyin tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake danƙara wa babbar mota kaya a hanyar Gaya zuwa Doso, ko kwale-kwale a bakin kogi, ya san irin wannan hali.

ABUJA, 2006: ISKAR HADARI

Mu nan Gaya muna cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, mun san iskar da ke zuwa gaban hadari. Wani lokaci iska kan zubo daga cikin gajimare kai tsaye zuwa ƙasa, ta bazu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta da farko iskar na bugunsa ta gaba, gudunsa ya ƙaru, sai farat ɗaya ta koma bayansa, gudun ya zube. Masanin yanayi Ted Fujita ne ya bayyana wannan a shekarun 1970. Bayan haɗarin jirgin Delta a Dalas a 1985 aka wajabta na'urar gargaɗinta a Amurka, na zamani ma da rada suke hango ta tun jirgi bai shiga ba.

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana cikin iska da ruwa. Yana ɗagawa ya faɗa cikin wannan juyin iska. Rahoton bincike ya ce matuƙin wuta kaɗan ya ƙara, ya kuma ja hanci sama ƙwarai, har iska ta ƙwace wa fiffike, injina suka shaƙe, jirgin ya kife ya faɗi a Tungar Madaki. Cikin mutum 105, 96 suka rasu, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Rahoton ya ɗora laifin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da rashin bin ƙa'idar fita daga irin wannan iska.

GOSSI, 2014

Daren 24 ga Yuli 2014, tsakiyar damina, jirgin Air Algérie ƙirar MD-83, haya daga kamfanin Swiftair na Sifen, ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljiyas. Ya haura sama da mita 9,000, yana kauce wa hadari, an kuma miƙa shi ga cibiyar kula da sararin samaniya ta Yamai. A can sama sanyi ne mai tsanani ko da ƙasa na zafi. Ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna ƙarfin injina, domin ba a kunna na'urar ɗumama su ba. Kwamfuta ta ɗauka injinan na ba da ƙarfi fiye da kima, sai ta rage wuta. Gudu ya yi ta raguwa fiye da minti biyar, matuƙin atomatik kuma na ta ɗaga hanci don ya riƙe tsayi. A ƙarshe sitiyari ya girgiza, ƙararrawa ta kama, amma rahoton da ya fito a 2016 ya ce ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Jirgin ya faɗi kusa da Gossi a Mali, duka mutum 116 suka rasu.

To jama'a, Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Labaran nan sun nuna sharuɗɗan da ke bayan karin maganar. A Jidda babu ƙararrawar da za a ji. A Abijan an ji, amma ƙarya ta yi. A Ejirin da Gossi ta faɗi gaskiya, martanin ne bai zo daidai ba. A Kwatano kuwa ɓarnar tun a ƙasa aka yi ta, wurin awon kaya. Saboda haka horo ke da muhimmanci kamar na'urar kanta. Matuƙan manyan kamfanoni kan shiga ɗakin gwaji mai kwaikwayon jirgi lokaci-lokaci, a kunna musu gobara da juyin iska da gargaɗin ƙarya har hannunsu ya saba. Kuma makarantun wannan fanni ba su yi mana nisa ba. A Yamai akwai EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi da masu gyaran na'urori na ƙasashen Afirka da dama. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964. Ɗalibanmu masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya su san da su.

Mu fasinjoji ma da namu rabon. Idan ma'aikaci ya ce kayan Alhaji ko Hajiya sun wuce kilo, lissafin da matuƙi zai tashi da shi ne ake karewa, kada a nemi a lallaɓa a wuce da su ta bayan fage. Idan aka ce an jinkirta tashi saboda hadari, ko ana canza taya, a yi haƙuri a zauna, kada a taru ana matsa wa ma'aikata. Alhazan 1991 jinkirin sa iska a taya biyu ne aka ƙi yi musu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo mana da su lafiya. Wanda ke da dattijo a gida da ya shaida zamanin haɗarin Jidda, ya karanta masa wannan, ya kuma tura wa maniyyatan unguwarsu.